Layin Gida Ya Mutu, Asusun Banki Ya Yi Barci

A ɗakunan da 'yan ci-ranin Najeriya ke haya a Jidda da Makka, da wuya a rasa wata ƙaramar waya mai madannai a maƙale jikin caja, ba a kira da ita, ba a amsawa. Layin gida ne a ciki. A bayan fasfo kuma, cikin leda, akwai katin ATM na wani banki a Kano ko Gusau, wanda rabonsa da shiga na'ura tun ranar da mai shi ya ciri kuɗin mota zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano. Da wayar da katin su ne igiyar da ta ɗaure mutum da 'yan kuɗin da yake tarawa don ranar komawa, kuma sau tari igiyar kan tsinke shekara guda kafin ya ankara.

Mazaunin Ingila ko Amurka yakan damu kada a rufe masa katin bashi don bai taɓa shi ba. Bahaushen Saudiyya bai cika riƙe irin wannan kati ba, ga gudun riba, ga rashin takardu. Nasa katin na cirar kuɗinsa ne, amma ciwon iri ɗaya ne.

Ƙa'idojin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya fitar a watan Yulin 2024 sun fayyace lamarin dalla-dalla. Asusun da ya yi wata shida babu wata mu'amala daga mai shi ko mai zuba masa kuɗi, an ɗauke shi wanda ba ya motsi. In ya cika shekara a haka, ya yi barci. In barcin ya kai shekara goma, banki zai kwashe abin da ke ciki ya miƙa wa CBN, a zuba a wani asusun amana na kuɗaɗen da ba a nema ba. Akwai wani wuri da ke yaudarar mutane da yawa: kuɗin saƙo da kuɗin kula da kati da banki ke yanka ba sa cikin lissafin motsi, domin ba mai asusu ne ya yi su ba. Mutum na ganin ana zaftare masa Naira hamsin-hamsin, sai ya ɗauka asusunsa na nan da rai.

A gaskiya takardar ta CBN ba ta rasa adalci ba. Ta wajabta wa banki ya sanar da mai asusu kafin abu ya kai ga haka, ta hana karɓar ko kwabo wajen farfaɗo da asusun da ya yi barci, ta kuma ce ko bayan an kai kuɗin CBN, mai su ko magadansa na da ikon nema a mayar musu. Sai dai ta wace hanya sanarwar za ta isa? Galibi ta saƙon waya, zuwa layin da aka yi rajista da shi.

A nan ne matsalar ta yi kamari. Dokokin Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, sun ba kamfanin waya damar dakatar da layin da ya yi wata shida ba a yi abin da zai kawo kuɗi da shi ba, in aka ƙara wasu shidan lambar na iya kuɓucewa, a sayar wa wani. Ga kuma dokar haɗa layi da lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, wadda aka fara a Disambar 2020, aka yi ta ɗaga wa'adinta har zuwa 14 ga Satumbar 2024. Matar da ke aikatau a gidan Larabawa, wadda sai da izinin kafili take leƙa waje, ina ta ga halin zuwa yin rajista? Da layin ya tafi, lambar tabbatarwa da banki ke turowa ta tafi, manhajar banki ta ƙi buɗewa. Abin tsoro ma, saƙon shigar kuɗinta na iya faɗawa wayar wani baƙo a Ibadan ko Aba.

Kowa ya san tarihin zaman Hausawa a ƙasa mai tsarki, daga masu tafiyar ƙafa ta Sudan har zuwa 'yan Kano-Jidda, kuma kowa ya san yawancin wahalar ta takarda ce. Wannan ma ita ce ta dawo da sabuwar riga. Da aka kawo lambar tantancewa ta banki, BVN, a Fabrairun 2014, sai da mazauna waje suka riƙa neman cibiya su biya a ɗauki zanen yatsunsu. A Disambar 2023 CBN ya ce daga 1 ga Maris 2024 duk asusun da ba shi da BVN ko NIN za a hana cirar kuɗi daga ciki. Shi kansa katin Naira, tun 2022 bankuna suka rage abin da za a kashe da shi a waje zuwa Dala 20 a wata, daga baya suka toshe gaba ɗaya, sai a Yulin 2025 wasunsu suka sake buɗewa. Kusan shekara uku kati na hannun mutum, ba shi da inda zai sa shi ko da ya so, har wa'adin da ke rubuce a jikinsa ya ƙare.

An ɗan samu sauƙi. A Mayun 2025 gwamnan CBN, Olayemi Cardoso, ya ƙaddamar da tsarin NRBVN, wanda ke ba ɗan Najeriya damar samun BVN ta intanet daga inda yake, a kan Dala 50. Likita ko malamin jami'a a Riyad zai gama cikin sauƙi. Amma tsarin na neman fasfo da shaidar wurin zama, kuma wanda igamarsa, wato takardar izinin zamansa, ta mutu, ko wanda rusau ɗin Jidda na 2021 da 2022 ya tashe shi daga unguwar Karantina ko Sabil, wace shaida zai nuna? Irin waɗannan ne suka fi kowa buƙata, su ne kuma aka fi mantawa da su wajen tsarawa.

Don haka mutane suka koma ga dabarun kansu. Masu wayo kan sayi katin waya na Naira ɗari daga asusun duk bayan wata biyu, su tura saƙo ɗaya da layin, jifa guda ta taɓa banki ta taɓa kamfanin waya. Wasu kan biya kuɗin ajiye lamba, kamar yadda MTN ke yi har na shekara uku. Mafi yawa kuwa sukan bar katin da layin a hannun ƙane ko ɗa, tare da lambar sirri. Asusu kan rayu ta haka, amma zumunci nawa ya ɓaci ranar da Hajiya ta sauka ta nemi kuɗin fili, aka fara sunkuyar da kai ana cewa an ɗan ranta?

Akwai kuma waɗanda ba su dawo ba, aka yi musu sutura a Makka, 'ya'yansu a gida ba su ma san da asusun ba. CBN ya umarci bankuna su riƙa wallafa sunayen masu asusun da suka daɗe da barci a shafukansu na intanet, tare da reshen da aka buɗe su. Jerin na Turanci ne, kuma magajin da ke ƙauye sai ya sami mai duba masa, sannan ya nufi kotu neman takardar gado kafin banki ya saurare shi.