Lauyan Iyayen Gida: Darasin da Na Koya Ranar da Yarona Ya Kai Ni Ƙara

Shekara talatin da ɗaya ina kasuwanci a Kumasi, ban taɓa taka ofishin lauya ba sai bara waccan. Hatsi nake sayarwa, wake da gero da masara, ina sarowa daga Techiman da Bawku, sitona kuma yana Asawase. Rigimar da na sani ita ce ta bashi, ko ta direban da ya bar ruwa ya jiƙa kaya a hanya, kuma duk a gaban dattawan kasuwa ake kashe ta. Ran nan da hantsi sai ga wani saurayi da ambulan a hannu. Na ba ɗana ya karanta min. Takarda ce daga ofishin ƙwadago, ana gayyatata in zo in amsa ƙarar da yarona ya shigar, wai na kore shi ba bisa ƙa'ida ba.

Yaron nan shekara bakwai yana hannuna. A gidana ya ci, a gidana ya kwana kafin ya kama ɗaki, ni na saya masa babur. Da na ga buhu goma sha ɗaya na wake sun yi ɓatan dabo a sito, kuma shi ke riƙe da makulli, ban tsaya dogon bincike ba. Na ce ya ajiye makullin ya kama gabansa, albashin watan ma na riƙe. A ganina a lokacin, adalci na yi, tunda ban kai shi wurin 'yan sanda ba.

Wani aminina mai motocin haya shi ya kwatanta min ofishin wani lauya a Adum. Ya ce min: "Alhaji, wannan mutumin bai san komai ba sai kare iyayen gida. Je ka same shi kafin ka buɗe baki a gaban hukuma."

Ɗan zango da rigar lauya

Na yi zaton zan tarar da wanda za mu yi ta fama da tafinta, sai na ji an gaishe ni da Hausa tas. Ashe ɗan zango ne, mahaifinsa fataucin goro ya yi. Ya karanta shari'a a jami'ar Legon, ya wuce makarantar lauyoyi ta Makola a Accra, daga nan ya kama aiki a ofishin wasu manyan lauyoyi masu yi wa bankuna da kamfanonin haƙar zinariya aiki. Ya ce yana ƙaramin lauya aka kafa dokar ƙwadago ta 2003, wadda ake kira Act 651, kuma da yake manyan ofishin ba sa son wahalar karanta sabuwar doka, sai aka jibga masa ita. Abin da ya zama abincinsa ke nan fiye da shekara ashirin.

Na tambaye shi ko bai jin nauyi, kullum yana gefen mai kuɗi, talaka yana ɗaya gefen. Ya yi dariya, ya ce tambayar da mahaifiyarsa ta yi ta yi masa ke nan. Amsarsa ita ce, rabin aikinsa ba kare maigida daga ma'aikaci ba ne, kare maigida ne daga fushin kansa. Mafi yawan shari'un da iyayen gida ke faɗuwa, ba don ba su da gaskiya ba ne, sai don sun yanke hukunci da zafin rai, babu takarda, babu shaida, babu jin ta bakin wanda ake zargi.

Ya kwatanta min yadda aikinsa yake. Kotu kaɗan ce a ciki. Yawancin ranakunsa a tebur yake yin su: rubuta wa kamfani takardar ɗaukar aiki, tsara wasiƙar tuhuma ga ma'aikacin da ya yi laifi, zama da shugabannin ƙungiyar ma'aikata a kan albashi da alawus. In kamfani zai rage ma'aikata, shi ke tuna musu cewa doka ta ce a sanar da babban jami'in ƙwadago da ƙungiyar ma'aikatan a rubuce, wata uku kafin a aiwatar. In ma'aikata suka ba da sanarwar yajin aiki ta kwana bakwai, to a kwanakin nan ba ya samun barci. In sulhu ya gagara, sai a tafi gaban Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa, wadda dokar ta 2003 ta kafa, mai mutum bakwai: shugaba, da wakilai bibbiyu daga gwamnati da masu ɗaukar aiki da ƙungiyoyin ƙwadago. Wanda ya ƙi bin umarninta, tana iya zuwa Babbar Kotu a tilasta masa.

Tambayoyi huɗu

Da muka zo kan maganata, na zage ina ba shi labarin alherin da na yi wa yaron, tun daga tuwo har babur. Ya bar ni na gama, sannan ya yi min tambayoyi huɗu. Akwai takarda tsakaninku? Babu. Kana biya masa kuɗin fansho na SSNIT? Ban taɓa ba. Ya taɓa tafiya hutun shekara? Sai dai na salla. Kafin ka kore shi, ka zaunar da shi a gaban shaidu ka ji ta bakinsa? Na yi shiru.

Ya ajiye biro ya ce: "Alhaji, in na ce maka za mu yi nasara, na ci kuɗinka a banza."

Sai ya warware min dokar dalla-dalla, ni kuma ga shi ina isar muku, don na san da yawanmu a cikin duhu ɗaya muke. A Ghana, duk wanda zai yi maka aiki na wata shida ko fiye, doka ta ce a rubuta yarjejeniya. Wanda ya shekara yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 15 na aiki tare da albashinsa, kuma ko da shi da bakinsa ya ce ya yafe hutun, yafewar ba ta da ƙarfi a doka. Mace mai ciki tana da hutun haihuwa na aƙalla mako 12. In za ka sallami wanda yarjejeniyarku ta kai shekara uku, sai ka ba shi sanarwar wata guda ko albashin wata guda a madadinta, in ba ta kai ba, mako biyu. Ba ka da ikon cin tarar ma'aikaci daga albashinsa don kana zarginsa. Kuɗin fansho kuwa, bisa dokar 2008, maigida na sa kashi 13 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci na sa kashi 5.5, kuma wanda ya makara akwai tara a kansa kowane wata. Akwai ma mafi ƙarancin ladan yini da ake tsayarwa, a 2024 sidi 18.15 ne.

Abin da ya fi kaɗa ni shi ne wannan: a ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba, maigida ne zai nuna cewa dalilinsa na gaskiya ne, kuma ya bi hanyar da ta dace. Wato ni ne zan kawo hujjar sata, ba yaron ne zai kawo hujjar bai yi ba. Ni kuwa hujjata ɗaya, makulli na hannunsa.

Al'adarmu da dokar ƙasa

Na ce masa: "Lauya, ai mu ba haka muka gada ba. Yaro ɗa ne. Zai yi maka hidima, ka ci da shi, ka yi masa aure, ranar sallama ka ba shi jari ya tsaya da ƙafarsa. Ni ma haka maigidana ya yi min."

Ya ce ya san wannan sarai, a cikinta aka haife shi, kuma tsari ne da ya tayar da attajirai da yawa a zanguna. Amma ya ce in duba wani abu: a tsarin namu, duk haƙƙin yaro yana rataye ne a ranar sallama. In aka rabu lafiya, ya samu. In aka ɓata a shekara ta bakwai, ya tashi a tutar babu. Dokar ƙasa ba ta san alkawarin da ke cikin zuciyar maigida ba, abin da ta sani shi ne wane ne ke ba da umarni, wane ne ke zuwa aiki kullum, nawa ake biya. Tuwo da babur kyauta ce, ba sa goge hutu ko fansho.

Maganar ta yi min ɗaci, amma na kasa musa ta. Na tuna yara nawa na sani a kasuwar nan da suka tsufa a bakin shagon wani, maigida ya rasu, magada suka ce ba su san da wani alkawari ba.

Shawararsa ita ce a nemi sulhu. Kafin ranar zama kuma ya sa na kawo duk littattafan sito, ya ba wani akawunsa ya bi su shafi-shafi. A nan ne asiri ya tonu. Buhu tara daga cikin sha ɗayan, ƙanena ne ya ba wata mai sayar da wake da shinkafa bashi lokacin da na yi tafiya, ya rubuta a bayan wani tsohon littafi ya manta. Biyu ne kawai ba a gano ba, kuma a sito mai ɗaukar ɗaruruwan buhuna, kowa ya san wannan na iya zama kuskuren ƙirga. Wallahi ranar ban iya cin abincin dare ba.

A wurin zaman, lauyan nan da na ɗauka don ya kare ni, shi ya fara ba ni shawarar in nemi afuwa. Na biya albashin da na riƙe, da na wata guda na sanarwa, da kuɗin hutun da aka lissafa, na kuma je na daidaita bashin fansho. Daga baya, ba da umarnin kowa ba, na tara dattawa na yi masa sallama irin ta gado. Bai dawo wurina ba, ban kuma ga laifinsa ba. Yanzu yana da tebur nasa, muna gaisawa.

Ga 'yan'uwa na sauran ƙasashe

Lambobin da na kawo na Ghana ne, kada wani a Yamai ko Garwa ko Njamena ya ɗauke su ya yi aiki da su. Amma kowace ƙasa tana da tata dokar. A ƙasashen da ke aiki da Faransanci akwai sufeton aiki, kuma a Kamaru sai an fara zaman sulhu a gabansa kafin a wuce kotu. Asusun ma'aikata a Nijar CNSS ne, a Kamaru da Chadi CNPS. Mu baƙi, ko jikokin baƙi, mu ya fi kamata mu kiyaye, don ƙaramar ƙara kan jawo a fara tambayar takardun shago da na zama.

Yanzu yara uku ke gare ni a sito. Kowanne yana da takarda shafi ɗaya da lauyan ya rubuta min: aikinsa, albashinsa, hutunsa, da abin da zan ba shi ranar sallama in Allah ya kai mu. Akwai littafin albashi da kowa ke sa hannu ƙarshen wata, kuma ranar Asabar mu biyu muke ƙirga buhuna, ni da mai makulli. Kuɗin rubuta takardun nan bai kai na buhun wake ɗaya ba. Uwargidana, wadda tun ranar farko ta ce kada in yi gaggawar korar yaron, ita ke ajiye kwafinsu a cikin akwatinta.