YADDA ZA A HAƊA MAI GADIN WUTA DOMIN BANDAR KIFI



Da rani, sa'ad da tafkuna suka janye aka shiga su, kifi yakan zo gaba ɗaya, farashi kuma ya faɗi. Haka yake ga masunta na madatsar Mairuwa, haka kuma ga ƙungiyoyin da suke kiwon tarwaɗa a kududdufi. Ga shi kuwa ɗanyen kifi ba ya jira. Wanda aka kama da safe, kafin dare ya soma wari. Hanya ma ba kullum take biyuwa ba. Mun tuna a 2021 gwamnatin jiha ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya saboda rashin tsaro. Ƙungiyar da ta iya banda mai kyau tana iya ajiye kayanta makonni, ta kai Funtuwa ranar da ta ga dama.

ME KE ƁATA BANDA?

Yawancin hasarar banda daga wuta take. Kusan kashi uku cikin huɗu na jikin kifi ruwa ne, aikin banda kuwa shi ne a fitar da ruwan nan a hankali. In wuta ta yi yawa tun farko, fata takan ƙone ta taurare, ta kulle ruwa a ciki. Kifin ya yi kyau a ido, bayan kwana kaɗan ya ruɓe daga ciki. In wuta ta yi sanyi, watau ƙasa da digiri 60, aka bar shi haka sa'o'i da yawa, ƙwayoyin cuta sukan hayayyafa, ƙuda kuma ya samu wurin yin ƙwai.

Saboda haka asirin banda shi ne zafi ya tsaya wuri ɗaya. Iyayenmu mata sun san wannan, shi ya sa suke kwana zaune gindin murhu, hayaƙi yana cin idanunsu. Amma mutum yakan gaji, barci kuma ɓarawo ne.

ISKA CE LINZAMIN WUTA

Ku dubi maƙera. In yaron maƙeri ya zuga, gawayi ya yi ja. In ya saki zugazugi, wuta ta kwanta. Gawayin bai ƙaru ba, bai ragu ba, iska ce kaɗai ta sāke. To, na'urar da muke magana a kanta yaron maƙeri ce wanda ba ya gyangyaɗi. Tana da ɗan kai na ƙarfe mai jin zafi, da makunni mai kunna kansa, da ƙaramar fanka a madadin zugazugi. Zafi ya sauka, ta kunna fanka. Zafi ya kai inda aka umurce ta, ta kashe.

Lalle ku riƙe abu guda: mai gadin nan yana iya ƙara wuta, amma ba ya iya rage ta. In an cika gawayi, ko murhun yana shan iska ta wata kafa, ba abin da zai iya yi.

KAYAN DA ZA A NEMA

1. Na'urar auna zafi mai lamba W1209. Ba ta kai tafin hannu girma ba. Tana aiki da wutar batir mai ƙarfin 12, tana auna zafi har digiri 110. Ita ce masu haɗa injin ƙyanƙyasar ƙwai suke amfani da ita, sai a tambaya wurinsu ko wurin masu kayan lantarki a Zariya ko Kano.
2. Fankar tsohuwar kwamfuta mai ƙarfin 12.
3. Batirin babur mai lafiya. Na'urar da fankar ba su cin wuta sosai, cikakken batir yana riƙe su dare guda. Da rana a caje shi da faifan sola.
4. Bututun ƙarfe mai tsawon rabin mita, da gwangwani babba.
5. Waya ja da baƙa, da ƙaramin fis, da akwatin katako.
6. Duro mai cin lita 200, da raga uku, da faranti na ƙarfe. Kada a taɓa amfani da duron da aka zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a ciki.

GYARAN MURHU

A sa mai walda ya yanka ƙofar wuta a gindin duro, ya huda rami a gefe ƙasa da inda gawayi zai zauna, ya liƙa bututun a nan. A ɗaya bakin bututun a ɗaura gwangwani, a sa fanka a bakinsa tana hura ciki. Tsawon bututun shi ke hana fankar narkewa, gama ta roba ce. A rataya ɗan marfin kwano mara nauyi cikin gwangwanin, wanda iska za ta ɗaga in fanka ta tashi, ya faɗo ya rufe in ta tsaya.

Sama da gawayi kamar taƙi ɗaya a aza farantin, a bar fili kewaye da shi domin zafi ya wuce. Raga ta fari ta kasance rabin mita daga wuta. A marfin duro a bar rami kamar bakin kofi domin tururi ya fita. Duk sauran kafofi a yaɓe su da laka. In an kewaye duron da ginin ƙasa, ya fi riƙe zafi, gawayi kuma ya fi auki.

Farantin nan yana da babban aiki. In kitsen tarwaɗa ya ɗiga kan garwashi, yakan tashi da harshen wuta da baƙin hayaƙi, a cikinsa kuwa akwai abubuwan da likitoci suka tabbatar suna iya jawo ciwon daji. A Gana, tun 1969, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya da masu bincike na ƙasar suka fito da murhun Chorkor na laka, mai raga bisa raga, wanda ya rage cin itace ƙwarai. Daga baya a Senegal aka ƙera na Thiaroye, aka sa masa farantin tare kitse saboda wannan dalili. Mu ma mu ɗauki darasin.

HAƊA WAYOYI

A jikin na'urar akwai bakuna huɗu masu rubutu: +12V, GND, K0, K1.

1. Jar waya daga ƙarin batir ta bi ta fis ta shiga +12V.
2. Baƙar waya daga ragin batir ta shiga GND.
3. A ɗauki guntun waya a haɗa +12V da K0.
4. Jar wayar fanka ta shiga K1, baƙarta ta shiga GND.

Mataki na uku shi mutane suka fi mantawa. K0 da K1 makunni ne kawai, ba su ba da wuta da kansu. In ba wanda ya saba da waya a cikinku, mai gyaran rediyo zai gama wannan kafin a sha shayi. Kada a juya ja da baƙa, na'urar za ta iya ƙonewa.

Sa'an nan a danne maɓallin SET har sai P0 ta fito, a zaɓi H, watau aikin ɗumamawa. A P1 a sa 3. Wannan ita ce tazarar digiri tsakanin tashin fanka da tsayawarta, domin kada ta riƙa kunnawa da kashewa kowane lokaci. In za a sa zafin da ake so, a taɓa SET sau ɗaya, a ƙara ko a rage.

Kafin a fara aiki a gwada ta. A tsoma kan ƙarfen cikin ruwa mai tafasa. A ƙasarmu, da yake muna kan tudu, za ta nuna kusan 98. Bayan haka a zura kan ta ƙaramin rami daidai raga ta tsakiya, ya rataya cikin iska, kada ya taɓa ƙarfe ko kifi. Na'urar da batir su zauna cikin akwati nesa da zafi da raɓa.

YADDA ZA A YI BANDAR

A feɗe kifi, a cire hanji da furumfu, a wanke sarai. A jiƙa shi rabin sa'a cikin ruwan gishiri, kofi ɗaya na gishiri ga kofi goma na ruwa. A shanya a inuwa ƙarƙashin gidan sauro har ruwa ya tsane. A hura gawayi kaɗan, cikin kwano ɗaya ya isa farawa. Domin hayaƙi a jefa totuwar masara biyu ko uku a gefen garwashi. Totuwa muna da ita tuli bayan kaka, ba sai an sare ɗorawa ko kaɗanya ba. Roba da leda da katako mai fenti kada su kusanci wutar.

Mataki na fari: digiri 55, sa'a ɗaya zuwa biyu, domin fata ta bushe ba tare da ta kulle ba.

Mataki na biyu: digiri 85, sa'a biyu zuwa uku, domin kifi ya dahu. Tilas tsakiyar mafi kaurinsu ta wuce digiri 63.

Mataki na uku: digiri 65, har ya bushe ƙayau. Manyan tarwaɗa sukan ɗauki dare guda ko fiye. A riƙa sauya raga, ta ƙasa ta koma sama.

Duk sa'ad da za a buɗe marfi, a cire wayar fanka tukuna. In ba haka ba, na'urar za ta ji sanyi ta zuga wuta a banza. Sikeli shi ne shaida: kilo 10 na ɗanye ya kamata ya koma wajen kilo 3 in ana son ajiya mai tsawo. In ya huce a sa cikin kwando mai rufi, a aza bisa, kowane mako a sāke ɗumama shi. Kada a fesa masa ota-fiya-fiya ko wani maganin ƙwari. Guba ce, mai ci zai kwasa. Naman Kirsimeti ma ana iya bandarsa a murhun nan in an yanyanka shi sirara.

GARGAƊI

A yi aikin a fili ko ƙarƙashin rumfa mai iska, nesa da rumbu da danni. Gawayi cikin rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa wadda ba ta da wari. Kuma ko da mai gadi, wani ya riƙa leƙawa kowace sa'a biyu, gama na'ura ba ta san gawayi ya ƙare ba.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Ba lalle kowane gida ya mallaki nasa ba. Ƙungiya ta haɗa guda, Zumuntar Mata ta riƙe shi, a tsara ranakun kowa. Mai amfani ya ba da ɗan abu ga ma'aji domin batir da gyara. Sakatare ya rubuta nauyin ɗanye, da na busasshe, da gawayin da aka ƙone, da kuɗin da aka sayar. Bayan banda biyar littafin zai nuna muku ko akwai riba.

A Yohanna sura 6, bayan taron ya ci gurasa da kifi ya ƙoshi, Yesu ya sa almajirai suka tattara ragowar har kwando goma sha biyu. Abin da Allah ya ba mu daga ruwa amana ce. Ku karanta wannan a taronku na gaba, ku gwada da kifi kaɗan tukuna, ku aiko mana da labarin abin da kuka gani domin sauran ƙungiyoyi su amfana. Ubangiji ya sa albarka ga aikin hannuwanku.