Haƙoran Roba Kafin Dashe: Yadda Ya Kamata a Horar da Likitan Haƙori

Duk wanda Allah ya bar masa haƙoransa talatin da biyu, yana tauna ƙilishi da goro ba tare da ya ko tuna da su ba, da wuya ya gane girman musibar da ke samun mutum idan turamen bakinsa suka zube. Domin giɓi ba ya tsayawa yadda aka bar shi, sai haƙoran da ke maƙwabtaka da shi su karkato, na sama ya zazzago yana neman abokin gogayyarsa da ya rasa, ƙashin muƙamuƙi kuma, da yake ba shi da sauran abin riƙewa, ya shiga zaizayewa a hankali har fuska ta yamutse, magana ta gurɓace, mai abin ya koma cin abinci mai ruwa-ruwa a ɓoye saboda kunya. Ilmin da ke gyara wannan ɓarna, wato maye gurbin haƙora da na roba ko na tangaran ko na ƙarfe, yana cikin mafi wuyar fannonin da ɗalibin likitancin haƙori yake gamuwa da su, kuma yadda ake koyar da shi ya cancanci a tsaya a yi nazari.

Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga Musulmi. Malaman hadisi, irin su Abu Dawuda da Tirmizi, sun kawo labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya umarce shi da ya sa na zinariya. Daga nan ne malaman fiƙihu suka ciro halaccin ɗaure haƙori da zinariya saboda lalura. Bayan haka Abul Ƙasim Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a cikin littafinsa Attasrif yadda ake ɗaure haƙori mai girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa, ya fifita zinariya saboda ba ta sauya launi a baki, ya kuma ambaci sassaƙa haƙori daga ƙashin sa a cike giɓi da shi. Turawa sun tattara nasu ilmin daga baya, musamman a littafin Pierre Fauchard na Faransa wanda ya fito a 1728.

Amma babban juyin da ya auku a zamaninmu ya zo ne daga Suwidin, ta hanyar da ba a zata ba. A 1952 wani likita mai suna Per-Ingvar Brånemark yana binciken yadda jini ke gudana a cikin ƙashi, ya dasa wani ɗan ƙarfe na titaniyom a ƙafar zomo, da ya zo cire shi sai ya tarar ƙashin ya rungume ƙarfen, sun zama abu guda. Ya shafe shekaru yana bin diddigin al'amarin, har a 1965 ya dasa irin wannan ƙarfe a muƙamuƙin wani mutum mai suna Gösta Larsson a birnin Gotenbag, wanda ya yi ta tauna da haƙoran nan har rasuwarsa a 2006. Duk da haka likitocin duniya ba su sallama ba sai bayan taron Toronto na 1982, inda aka baje hujjojin a gabansu. Tun daga lokacin dashe ya bazu, ya kuma zama abin da idon kowane ɗalibi yake kai.

To, a nan ne nake ganin hatsari yake. Ɗalibi matashi, da ya ga na'urar huda ƙashi da kuɗin da ake biya a kan dashe guda, sai ya raina zaman ɗakin gwaji inda ake ƙera haƙoran roba, ya ɗauke shi aikin tsofaffi, alhali kuwa a can ne asalin ilmin yake. Malamanmu na zaure ba su ɗora wa almajiri Askari sai ya sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, domin sun san wanda bai ƙware a hukuncin alwala ba ba zai iya warware mas'alar gado ba. Haka nan wanda bai iya yi wa tsoho marar haƙori ko ɗaya cikakken jeri na roba da zai zauna daram a bakinsa ba, bai isa a miƙa masa ƙashin mutum ya huda ba.

A dubi abin da ɗalibi ke koya a wannan aiki da ake rainawa. Zai ɗauki awon dasashi da wani kwaɓi mai laushi, ya zuba farin siminti a ciki ya fito da siffar bakin, ya gina tudu na kaki a kai, sa'an nan ya mayar da shi bakin majiyyaci yana ragewa yana ƙarawa har ya sami tsayin cizon da ya dace. Idan ya yi yawa, haƙoran za su riƙa karo da juna in ana magana, gaɓar muƙamuƙi ta yi ciwo, idan ya gaza kuwa, haɓa ta matso kusa da hanci, gefen leɓe ya riƙa tara yawu yana tsagewa. Malamin ƙwarai zai sa majiyyacin ya yi ta furta kalmomi masu harafin "s" da "f", shi da ɗalibin suna kallon leɓe suna saurare, domin a nan ne ake gane ko haƙoran gaba sun zauna inda Allah ya ajiye na asali. Wannan ganewa ba ta shiga ta karatun littafi kaɗai, sai da zama a gaban malami da maimaici, da farko a kan mutum-mutumi mai muƙamuƙin roba, daga baya a kan ɗan Adam mai jin zafi da jin kunya.

Wanda ya sami wannan tushe, idan ya zo kan dashe, zai fahimci ƙa'idar da manyan malaman fannin suka haɗu a kanta, cewa daga haƙorin ake farawa a koma ga ƙarfen. Ana fara tsara inda haƙorin zai tsaya da yadda zai haɗu da na kishiyarsa, sa'an nan a ɗauki hoton ƙashi mai nuna tsawo da faɗi da kauri, a duba ko akwai ƙashin da zai ɗauki ƙarfe a daidai wurin. A muƙamuƙin ƙasa akwai jijiyar da ke ba leɓe da haɓa ji, wadda ake barin tazarar kimanin milimita 2 tsakaninta da bakin ƙarfe, domin in aka taɓa ta mutum na iya rayuwa da mataccen leɓe. A na sama kuma akwai kogon iska da ke gefen hanci. Ana barin kimanin milimita 1.5 tsakanin dashe da haƙorin da ke kusa, milimita 3 tsakanin dashe da dashe. Wajen huda kuwa, bincike ya nuna ƙashi yana lalacewa in zafinsa ya kai digiri 47 na tsawon minti guda, shi ya sa ake hudawa sannu-sannu, daga siririn bakin huji zuwa mai kauri, ruwan gishiri mai sanyi yana kwarara a wurin. Bayan haka, bisa tsarin asali, sai a jira wata 3 zuwa 6 kafin a ɗora haƙori.

Abin da ya fi waɗannan alƙaluma wuyar koyarwa shi ne sanin lokacin da za a ce a'a. Mai ciwon suga da bai daidaita ba, da mai yawan shan taba, da wanda cutar dasashi ta ci haƙoransa kuma bai sauya halinsa na tsaftar baki ba, da yaron da muƙamuƙinsa bai gama girma ba, duk waɗannan dashe na iya zame musu nadama. Domin ƙarfe ba ya ruɓewa kamar haƙori, amma naman da ke kewaye da shi yana kumbura, ƙashin ya narke, kuma maganin wannan ya fi na haƙorin asali wuya. Likitan da ya ƙi karɓar kuɗi mai yawa saboda ya san aikin ba zai ɗore ba, ya riƙe amanar da aka ɗora masa, kuma irin wannan tarbiyya ba a samunta a kwas na kwana biyu da masu sayar da kayan dashe suke shiryawa a otal. Saboda haka ne malaman jami'o'in Turai suka taru a birnin Prag a 2008, suka yarda cewa lalle a shigar da ilmin dashe cikin karatun digiri na farko, ɗalibi ya fita ya iya tantance majiyyaci, ya iya yi masa bayani na gaskiya, ya iya kula da dashen da wani ya yi, ya kuma san iyakar iyawarsa.

A ƙasarmu, inda yanzu ake horar da likitocin haƙori a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Maiduguri bayan daɗewa ana dogaro da Legas da Ibadan, wannan tsari na fifita tushe ya fi wajaba. Mafi yawan masu zuwa asibiti ba su da halin dashe, haƙoran roba masu kyau su ne rabonsu, kuma haƙƙinsu ne a yi musu su da itƙani. Akwai kuma waɗanda cutar noma ta ci wa fuska tun suna yara, da ake yi wa tiyata a asibitin Sakkwato, da waɗanda aka yanke wa muƙamuƙi saboda ƙari, waɗanda ba za su ci ko su yi magana sosai ba sai an ƙera musu abin toshe ganda. Masu wannan ƙwarewa kaɗan ne ƙwarai. Ina kira ga shugabannin waɗannan tsangayoyi da su sayi na'urar dashe in hali ya samu, amma kafin nan su cika ɗakunan gwaji da kayan aiki, su kyautata wa masu ƙera haƙora waɗanda aikin likita bai kammaluwa sai da hannunsu, kuma kada su sa hannu a takardar shaidar ɗalibi sai sun ga tsohon da ya yi wa haƙora ya dawo yana cin tuwonsa da nama.