Yadda Za Ka Fara Yoga A Gida Da Wayarka, Minti 10 Kullum

Idan aikinka irin nawa ne, wato yini a gaban kwamfuta kana rubuta manhaja, ka san ciwon baya da ƙagewar wuya. Ni sai da sunkuyawa ta fara gagarata sannan na nemi mafita.

Yoga motsa jiki ne da ya samo asali daga Indiya, ya haɗa miƙe gaɓoɓi da sarrafa numfashi. Ba ya buƙatar kayan tsada: tabarma marar santsi, tufafi sakakku, sai wayarka.

A ɓangaren manhaja, akwai mYoga, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar tare da gwamnatin Indiya a 2021. Kyauta ce. A YouTube kuma, tashar Yoga With Adriene na da darussan masu farawa.

Ga yadda za ka fara:

1. Zaɓi lokaci guda, ka saita ƙararrawa. Da sassafe kafin karin kumallo ya fi sauƙi.
2. Fara da minti 10. Kaɗan kullum ya fi awa guda sau ɗaya a mako.
3. Kashe sanarwar WhatsApp, in ba haka ba saƙo ɗaya zai ɗauke hankalinka.
4. Ka riƙa numfashi ta hanci a hankali, kar ka riƙe shi.

Jin jijiya na miƙewa ba matsala ba ne, amma in ka ji zafi mai suka, tsaya nan take. Mai juna biyu, mai hawan jini ko wanda ya taɓa rauni a baya, ya fara tuntuɓar likita.