Husufin Rana: Minti Nawa Duhun Yake Ɗauka?

Husufin rana yana faruwa ne idan wata ya gitta tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta sauka a doron ƙasa. Daga lokacin da wata ya fara cin gefen rana zuwa lokacin da ya sake ta, akan ɗauki awa 2 zuwa 3. Amma duhun kansa, lokacin da rana ke rufewa ruf, 'yan mintuna ne kawai.

Mutanen Jibiya sun shaida haka ranar Laraba, 29 ga Maris 2006. Inuwar ta biyo ta Ghana, Togo da Benin, ta ratsa Gusau da Katsina, ta tsallaka iyaka ta wajen Magama zuwa Maraɗi. Da hantsi, wajen ƙarfe goma da rabi, gari ya yi duhu kamar magariba, iska ta yi sanyi, sai farin zobe kewaye da baƙin wata. Ba a kai minti 4 ba haske ya dawo. A Kano, da ke wajen hanyar inuwar, rana ba ta rufe duka ba.

Dalilin gajartar lokacin abu biyu ne: inuwar siririya ce, kuma gudu take yi. A ranar faɗinta bai kai kilomita 200 ba, tana tafiyar fiye da kilomita 2,000 a awa guda. Wanda ke tsakiyar hanyarta ya fi daɗewa cikin duhu. Na bakin gefe daƙiƙoƙi kaɗan yake samu. Mafi tsawon duhun ranar, minti 4 da daƙiƙa 7, a iyakar Chadi da Libiya aka same shi.

Nisan wata ma yana da tasiri. Idan ya matso kusa da duniya inuwarsa takan faɗaɗa, duhu ya daɗe, amma ko yaya ba ya wuce minti 7 da rabi. Na 30 ga Yuni 1973, wanda ya ratsa arewacin Nijar, ya ɗan haura minti 7. Na 2 ga Agusta 2027 zai kai minti 6 da daƙiƙa 23 kusa da Luxor a Masar, ya kuma bi ta Jidda da Makka.

Abin kiyayewa shi ne, awannin da ke gaba da bayan duhun su ne masu haɗari ga ido, domin ko siririn gefen rana yana iya lalata gani. Sai da tabarau na musamman ake kallo. Baƙin gilashin kasuwa ba ya karewa.