Dattijo Mai 170 Bisa 75 Ba Lafiyarsa Lau Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a shagunan kemis da zaurukan WhatsApp: wai a awon hawan jini lambar ƙasa ce mai kisa. Sai a auna dattijo a samu 170 bisa 75, mai awon ya kwance masa madaurin hannu yana murmushi, ya ce, "Baba, na ƙasan ya yi kyau, na saman kuma tsufa ne." Wasu har da lissafi, wai a ɗora shekarun mutum a kan ɗari, abin da ya bayar shi ne lambar sama da ta dace da shi. Likitoci sun yi watsi da wannan lissafi tuntuni. Da mai awon ya cire 75 daga 170, da ya ga 95, da kuma bai sallami Baba da murmushi ba. A jikin lafiyayyen baligi tazarar lambobin biyu ba ta nisa da 40, kuma idan ta haura 60 a jikin mai shekaru, akwai abin dubawa.

Babbar jijiyar da ta fito daga zuciya tana da danƙo. Duk bugu ɗaya zuciya kan turo jini kimanin mililita 70, sai jijiyar ta buɗe ta karɓa, sannan ta tsuke a hankali tana tura shi gaba yayin da zuciya ke hutawa. Duk wanda ya taɓa ban ruwa a fadama ya san bambancin sabon tiyo da wanda ya sha rana. Sabo yana shanye ƙarfin inji, ruwa ya fita a natse. Wanda ya bushe ya ƙandare kuwa, ruwa na dukansa yana tsalle, ya feso da ƙarfi, ya ɗauke, ya sake fesowa, har ya yi ta ƙwaƙule ƙasar gindin shuka. Haka jijiyar da tsufa, ciwon suga, taba da gishiri suka ƙandarar take: lokacin bugu lamba ta yi sama, lokacin hutu ta zube. Ke nan saukar lambar ƙasa da ake yi wa Baba barka da ita, ita da hawan ta sama ciwo ɗaya ne ya haife su. Ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ƙoda ne ke shan wannan duka. Ita zuciyar kanta tana samun yawancin jininta ne a lokacin hutu, don haka an ƙara mata aiki an rage mata abinci.

Wannan ba hasashe ba ne. Binciken da aka fara a garin Framingham na Amurka a 1948, ana bin mutane shekara da shekaru, ya nuna cewa lambar ƙasa takan hau har wajen shekara 50 zuwa 60 sannan ta fara sauka, ta sama kuwa ba ta daina hawa. A ƙasa da shekara 50 lambar ƙasa ce ta fi hango ciwon zuciya, daga 60 kuwa lambar sama da tazarar ne ke kan gaba. A 1991 aka fitar da sakamakon gwajin SHEP a kan dattawa 4,736 masu lambar sama 160 ko fiye, ta ƙasa kuma ba ta kai 90 ba, wato irin su Baba sak. Waɗanda aka ba magani, shanyewar ɓarin jiki ta ragu a cikinsu da kashi 36 cikin ɗari.

Likita zai iya cewa ƙa'idojin jinya a kan lambar sama da ta ƙasa aka gina su, ba a kan tazara ba, kuma da yawa daga abin da tazarar ke faɗa lambar sama ta riga ta faɗa. Gaskiya ne, babu kuma ƙwayar da aka keɓe don tazara kaɗai. Amma mutum biyu masu 160 a sama, ɗaya 95 a ƙasa ɗaya 60, ba jijiya iri ɗaya suke ɗauke da ita ba, kuma na biyun yana buƙatar a sauke masa jini sannu a hankali, kada jiri ya kayar da shi. Tazara mai faɗi a jikin matashi kan iya zama alamar ƙarancin jini, yawan aikin maƙoƙo ko yoyon ƙofar zuciya. Idan kuma ta matse ƙwarai, kamar 90 bisa 75 ga mai haki ko mai zubar jini, asibiti ake nufa nan take.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna da shi ba, kuma gishirin yini kada ya kai giram 5, alhali tukunyar miya guda na cinye dunƙulen magi bayan an riga an barbaɗa gishiri. An bar awon jini a hannun duk wanda ya iya sayen na'ura, ba tare da an koya masa karanta ta ba. Ma'aikatun lafiya na jihohi za su iya gyara wannan da horon yini ɗaya ga masu kemis da ma'aikatan asibitocin sha ka tafi: a zaunar da mutum minti biyar, a auna sau biyu, a rubuta masa lambobin biyu a kati, kuma duk dattijon da lambarsa ta sama ke haura 140 a tura shi ga likita, ko nawa ta ƙasa ta nuna.