Abin Da Ke Komar Da Bakwaini Asibiti Bayan Sallama

Jaririn da aka haifa kafin ciki ya cika mako 37 shi ake kira bakwaini. Bisa ƙiyasin Ƙungiyar Lafiya ta Duniya, OMS, an haifi irinsu miliyan 13 da dubu 400 a duniya cikin shekarar 2020. A Nijar, gidan haihuwa na Issaka Gazobi da ke Yamai, da cibiyoyin lafiyar uwa da yaro na Maraɗi, Damagaram da Tawa, suna karɓar su, a sa su cikin akwatin ɗumi, a ba su iska da nono ta siririyar roba har su yi ƙwari. Sai dai wasunsu kan komo gadon jinya tun uwa ba ta yi arba'in ba.

Dalilan sanannu ne ga ma'aikatan lafiya. Huhun bakwaini bai gama ƙosawa ba, saboda haka murar da ba ta kayar da babba takan sauka masa a ƙirji, balle cikin hunturu, lokacin ƙura da hayaƙin itace. Jikinsa ba kitse, sanyi na kama shi nan da nan. Yakan gaji da tsotso kafin ya ƙoshi, sai rama da shawara su biyo baya. Ƴan barka masu karɓarsa hannu-hannu, da cire beli, da ɗura masa jiƙo, duk ƙofa ce ga cuta.

Babban makamin uwa a gida shi ne goyon kangaru, wanda likita Edgar Rey ya ƙago a Bogota ta ƙasar Kolombiya cikin 1978. A ɗora jariri bisa ƙirji, fata da fata, a sa masa hula, a ɗaure da zane, dare da rana. Idan uwa ta gaji, uba ko kaka su karɓe ta. A ba shi nono zalla aƙalla sau 8 a kwana ɗaya, a kai shi awo ranar da aka tsayar.

Ƙin kama nono, sanyin jiki ko zazzaɓi, ɗorawar fata, faɗawar ƙirji, da numfashin da ya kai 60 a minti, alamu ne da ba a kwana da su. Wajibin maigida ne ya tanadi kuɗin mota, ya kuma ba da izinin tafiya tun ranar sallama, domin tun ran gini ake zane.